Kalmar Kwamared a Ƙasar Gumel: Sharhi a Kan Ma'anarta da Yadda A Ke Amfani da Ita

I

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar dai sauran ƙasar Hausa, akwai wata kalma baƙuwa wadda ta sami wurin zama a gaban sunayen mutane. Ana ganinta a takardun gayyatar ɗaurin aure, da takardun da a ke mannawa a bango lokacin zaɓe, ana kuma jin ta a gaishe-gaishen rediyo. Kalmar ita ce Kwamared. Takan zo daidai inda Alhaji ko Malam ko Injiniya ko Barista su ke zuwa, har wani lokaci a jera ta tare da su, a ce Alhaji Kwamared Wane.

Asalinta kalmar Ingilishi ce, comrade, wadda ta ke cikin dangin kalmomin da Turawa su ke kiran abokan zama da abokan taimakon juna da su. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, kalmar ta shigo Hausa da jikinta amma ta baro ma'anarta a baya. A Ingilishi dangantaka ta ke nunawa tsakanin mutum biyu da su ke daidai da juna. A Hausa kuwa ta zama laƙabi wanda ke ɗaga mutum ɗaya bisa sauran. Malamin da bai lura da wannan bambanci ba zai koya wa almajiransa kuskure ta fuska biyu: su kasa gane Ingilishin da su ke karantawa, su kuma mance da kalmomin Hausa da su ka fi dacewa da wurin.

II

Kalmar comrade ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 16 daga Faransanci camarade, Faransanci kuma ya aro ta daga camarada ta mutanen Sifen. Tushenta camera ne na Latin, watau ɗaki. Ma'anarta ta fari dai wanda ku ke kwana ɗaki ɗaya da shi, musamman a barikin soja. 'Yan'uwanta biyu su ma haka su ke. Companion ta fito daga Latin com da panis, watau wanda ku ke cin gurasa tare. Ally kuwa ta fito daga alligare, ɗaure wani abu da wani. Ɗaki ɗaya, akushi ɗaya, igiya ɗaya: kowace daga cikin ukun tana bukatar mutum na biyu kafin ta yi ma'ana.

A cikin shekarun 1880 'yan gurguzu na Ingila su ka ɗauki comrade su ka mai da ita kalmar kiran juna. Nufinsu shi ne a kawar da laƙabobin da ke raba mai dukiya da ma'aikaci, yadda Faransawa su ka yi da citoyen lokacin juyinsu na ƙarshen ƙarni na 18. Bayan juyin 1917 Rashawa sun yi haka da tasu kalmar, tovarishch, wadda tushenta tovar ne, watau haja, don haka asalinta abokin fatauci ke nan. Mutanen Sin su ka zaɓi tongzhi, mai nufin waɗanda burinsu ɗaya ne. Larabawa su ka ɗauki rafiƙ, abokin tafiya. A Tanzaniya ta zamanin Julius Nyerere ndugu a ke cewa, watau ɗan'uwa. Abin lura a nan shi ne, kowace al'umma daga cikin waɗannan ta koma cikin rumbunta ne ta zaro kalma, ba ta ɗauko ta Ingilishi ɗungum ba. Sharaɗin kalmar kuma ɗaya ne ko'ina: a kira shugaba da ita, a kira mai shara da ita. Littafin George Orwell na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975, a kan karya wannan sharaɗi a ka gina zambonsa: aladu suna ta kiran sauran dabbobi da kalmar daidaito, alhali kuwa su kaɗai ke shan madara.

III

Siffar kalmar a bakin Bahaushe tana ba da labarin yadda ta shigo. Gaɓar farko, kwa, ta bi tsohuwar ƙa'ida. Gajeren wasalin o ba ya son zama a tsakiyar kalmar Hausa, saboda haka sai ya koma a, zagayen leɓen da ke tare da shi kuma ya koma kan baƙin k. Haka a ka yi da kwamiti da kwaleji da kwamanda da kwamishina. Sa'an nan a ka raba m da r da wasali, gama Hausa ba ta cika son haɗuwarsu ba. Har nan ba wani abin mamaki.

Abin mamakin yana ƙarshen kalmar. Tsofaffin kalmomin aro da su ka ƙare da d, waɗanda su ka shigo ta bakin soja da lebura da kuku, duk an ƙara musu wasali: gadi, yadi, burodi. Da kwamared ta shigo ta wannan hanya, da kwamaredi a ke cewa. Tsayawarta a kan d tsirara alama ce ta cewa ta shigo a makare, kuma ta bakin waɗanda su ka san yadda a ke rubuta ta. Watau kalmar 'yan boko ce, ba ta taɓa ratsa kasuwa ta goge ba.

Tarihi ya yi daidai da wannan. Jam'iyyar NEPU, wadda a ka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita ce ta fara yi wa talakan Arewa magana da harshen gwagwarmaya, amma kalmominta talaka ne da sawaba da 'yanci. Jagororinta da Malam a ka san su: Malam Aminu Kano, Malam Sa'adu Zungur. Har Malam Aminu ya rasu a 1983 ba a canja masa laƙabi ba, ko da ya ke PRP da ya kafa a 1978 tana cike da 'yan boko masu ra'ayin gurguzu. Gidan kwamared na ainihi shi ne ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai: NLC da a ka kafa a 1978, da NANS da ta maye gurbin NUNS a 1980, da ƙungiyar malaman makaranta ta NUT wadda ta girme su duka, tun 1931. A ƙasa irin ta Gumel, inda babu manyan masana'antu, ma'aikatan albashi galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma da na asibiti, ga kuma Kwalejin Ilmi ta jihar Jigawa a cikin garin Gumel. Waɗannan su ne ƙofofin da irin wannan kalma ta ke bi. Daga baya sunayen mutane sanannu su ka ƙara watsa ta. Adams Oshiomhole ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, ya tafi da laƙabinsa gidan gwamnatin jihar Edo daga 2008 zuwa 2016. Shehu Sani ya tafi da nasa Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2019. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan sunaye a rediyo ba shi da laifi in ya ɗauka kwamared wani matsayi ne da a ke kaiwa.

A Maigatari akwai ƙarin abin lura. Ƙetaren iyaka, a ƙasar Dungas da Magarya ta jihar Damagaram, kalmar nan tana nan, amma ta Faransanci ta bi, saboda haka kamarad a ke ji, ba leɓantawa a farkonta. 'Yan makaranta na ƙungiyar USN da 'yan jam'iyyar PNDS-Tarayya da ita su ke kiran juna. Ta shiga jerin tagwayen nan da iyaka ta raba, irin su mota da mato, likita da lokotoro, kwamanda da kumandan. Uwa ɗaya ce ta Sifen, ta aiko 'ya'ya biyu ta hanya biyu, su ka gamu a kasuwar Alhamis.

IV

Hujja mafi ƙarfi ta cewa ma'anar ta sauya tana cikin nahawu. Sunayen dangantaka a Hausa ba su tsayawa su kaɗai. In an ce, "Audu aboki ne," mai sauraro zai tambaya, "Abokin wa?" Dole a kawo harafin nan da ke haɗa abu da mai shi: abokin Tanko, aminin Sarki, ƙawar amarya, abokina, ƙawata. Haka comrade ta ke a Ingilishi, kullum ta wani ce. Amma in an ce, "Audu kwamared ne," magana ta cika, ba mai tambayar na wa. Ta zauna daidai da "Audu alhaji ne" ko "Audu lauya ne." Ba a kuwa saba jin mutum ya nuna wani ya ce kwamared ɗinsa ne, da nufin abokin gwagwarmayarsa, ba. In ma an ji "kwamared ɗinmu," abin da a ke nufi shi ne mutumin nan na unguwarmu mai wannan laƙabi, kamar a ce "alhajinmu."

Hujja ta biyu ita ce jam'i. A wurin taron ma'aikata a Ingila jam'in kalmar ya fi tilonta aiki, gama da shi mai jawabi ke buɗe magana yana haɗa kansa da jama'a. A Hausa kuwa kalmar ba ta sami jam'in da kowa ya amince da shi ba. Aboki yana da abokai, ƙawa tana da ƙawaye, amini yana da aminai, malam ma yana da malamai. Kalmar da ba ta bukaci jam'i ba, ba kalmar taro ba ce. Shugaban ƙungiya in ya juya Hausa ya fuskanci mutanensa, "'yan'uwa ma'aikata" ya ke cewa, ko "jama'a." Shi kuwa a gabatar da shi da Kwamared. Ta haka kalmar da a ka ƙera don ta share bambanci tsakanin mai jawabi da masu sauraro ta zama ita ce alamar bambancin.

Hujja ta uku, mutum yana iya ba kansa ita. Ba wanda zai buga takarda ya rubuta Amini Wane ko Aboki Wane a kai, domin aminci wani ne ke shaidarsa. Kwamared kuwa ana rubuta ta da hannun kai, ba naɗi, ba jarrabawa, ba aikin Hajji. Tana kuma biye da mai ita bayan ya bar ƙungiyar, har ya zama kansila ko ɗan kwangila.

Akwai wani kwatanci da zai ƙara haske. An ga cewa tushen comrade ɗaki ne. Hausa ita ma ta gina sunayen dangantaka a kan ɗaki, amma dubi abin da ta gina: uban ɗaki, uwar ɗaki, ɗan ɗaki. Bature ya dubi ɗaki ya ga mutum biyu a tabarma ɗaya. Bahaushe ya dubi ɗaki ya ga mai shi da wanda ya raɓu da shi. Kalmar da ta faɗo cikin al'ummar da ta ke auna zama da sama da ƙasa, ba mamaki in an ba ta tsani ta hau.

V

Zai kyautu a gwada wannan da abin da ya sami 'yar'uwarta, ally. Ita ba a are ta ba, fassara ta a ka yi, fassarar kuwa tana cikin mafi kyau da masu labarai na Hausa su ka yi. An ce ƙawa, ƙawaye, ƙawance: ƙasashen ƙawance, sojojin ƙawance, Amurka da ƙawayenta. Dalili biyu su ka sa ta zauna daram.

Na farko na nahawu ne. Sunayen ƙasashe da garuruwa mata ne a Hausa, haka kuma kalmar jam'iyya. Ana cewa Nijeriya ta ce, Faransa ta ƙi. Abokiyar mace kuwa ƙawa ce. Saboda haka Nijar ƙawar Mali ce ba tare da an tanƙwara harshe ba.

Na biyu na al'ada ne. Ƙawance tsakanin mata ba son zuciya kaɗai ba ne, ƙulli ne mai ƙa'ida. Ana neman sa, a amsa, a yi musayar kyauta, ranar biki kowace ta kai wa 'yar'uwarta gudummawa, in nata ya zo a rama mata da ƙari. In ɗaya ta daina ramawa, ƙawance ya mutu, ba kuwa a ce an yanke zumunta ba. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, 1954, ya bayyana wannan al'ada filla-filla daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau. To, wannan ita ce siffar alliance ta siyasa sak: yarjejeniya ce ta amfanin juna tsakanin masu cin gashin kansu, tana ɗorewa muddin ana ramawa. Ƙawancen NEPU da NCNC na 1954 haka ya ke, haka na NPN da NPP wanda a ka ƙulla a 1979 ya watse a 1981. Da jam'iyyu su ka narke su ka zama APC a 2013, jama'a ba su ce ƙawance ba, maja su ka ce ko haɗaka, domin sun ji a jikinsu cewa ƙawaye ba su zama mutum ɗaya. Mutanen Maigatari sun san nauyin kalmar fiye da kowa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, kasuwar dabbobinsu ta ji jiki, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A tsakanin nan, cikin Satumba 2023, Nijar da Mali da Burkina Faso su ka ƙulla abin da rediyo ke kira ƙawancen ƙasashen Sahel. Ba wanda ya bukaci a yi masa bayanin kalmar.

Amma ita ma ƙawa tana da iyaka, masu fassara kuwa sukan ƙetare ta. Ba a ce wa namiji ƙawar namiji. In ally ta zo a kan ɗan siyasa, sai a nemi abokin siyasa, ko na hannun dama, ko mai mara baya, gwargwadon matsayinsu. Kuskure mafi girma yana aukuwa ne a darasin tarihi, tarihin Gumel kuwa misali ne mai kyau. Mangawa ne su ka kafa masarautar wajen 1750, ta kuma kasance ƙarƙashin Barno. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai ci ta ba, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Da Heinrich Barth ya biyo ta Gumel a 1851, a cikin ƙasar Barno ya lissafa ta, ya kuma ambaci kasuwarta ta kanwa. Malamin da ya ce wa yara Gumel ƙawar Barno ce ya ɓata musu tarihi, gama ƙawa ba ta kai wa ƙawarta gaisuwar shekara. Kalmomin wurin su ne biyayya da caffa da gaisuwa. Dangantakarta da Haɗeja kuwa gaba ce, wadda ta kai har Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872. Sa'an nan ga wata dangantaka ta uku wadda Ingilishi ba shi da kalma guda dominta, watau wasan da ke tsakanin Barebari da danginsu Mangawa da Fulani, inda Bamange da Bafillace za su yi ta ba'a ba mai fushi. Wannan abokin wasa ne. Ƙasa ɗaya, dangantaka uku, kalma uku. Wanda ya tattara su ƙarƙashin ƙawance ya yi asarar biyu da rabi.

VI

Ba talauci ne ya sa Hausa ta ari kwamared ba. Kalmar aboki tana da wata baiwa wadda comrade ba ta da ita, watau tana karɓar kowane suna a bayanta ta faɗi ainihin abin da a ka yi tarayya a kai: abokin tafiya, abokin aiki, abokin ciniki, abokin shawara, abokin sirri, abokin ango. Har ma takan karɓi kishiyar abota, a ce abokin gaba, abokin hamayya, mace kuma ta kira kishiyarta abokiyar zama. Wannan ya nuna cewa ainihin ma'anar aboki ba ƙauna ba ce, tarayya ce: wanda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. Karin magana ya tabbatar da haka. An ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa, an kuma ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Da wannan ƙira Hausa tana iya maido da kowace ma'anar comrade: abokin ɗaki ga ma'anar fari, abokin yaƙi ga ta soja, abokin gwagwarmaya ga ta siyasa.

Bayan aboki ga amini, wanda a ka ba amana. Ga tsara da sa'a da wari, waɗanda shekaru su ka daidaita. Ga abokin burmi. Kasuwar Maigatari ita kaɗai makaranta ce ta irin waɗannan kalmomi: ga fatoma mai saukar da baƙi, kalmar da ta zo daga Barbarci, ga dillali mai cin la'ada, ga yaran maigida, kowa da sunansa da haƙƙinsa. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, manoman gero da riɗi da su ka taru gayya a gonar ɗayansu sun fi kusa da abin da 'yan gurguzun Ingila su ke nufi fiye da yawancin masu laƙabin, ko da ya ke ba mai kiransu da shi.

Addini ma ya ba da nasa. Sahabi asalinta aboki ke nan da Larabci, ta kuwa zama kalmar girma wadda ba ta da na biyu. Sai dai ba ta saki igiyarta ba: sahabi sahabin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, girmansa daga wannan dangantaka ya ke. Wannan ya nuna kalmar dangantaka tana iya zama ta girmamawa ba tare da ta mance da mutum na biyu ba. Abin da kwamared ta kasa ke nan.

VII

Adalci ya wajaba a yi wa masu laƙabin. Aro ba laifi ba ne, sauyin ma'ana kuma halin kowace kalmar aro ne. Almajiri daga almuhajir ta ke, ba kuwa mai cewa a mai da ita Madina. Har wa yau, tsiron laƙabi yana cikin kalmar tun a Turai, inda a kan sa ta gaban sunan mutum. Bambancin kawai shi ne can kowa da kowa a ke sa wa.

Akwai kuma wata bukata ta gaske da kalmar ta biya. A ƙasar Hausa kiran baligi da sunansa tsirara rashin ladabi ne. Saurayin da ya yi karatu, ya ke rubuta takardar koke a kan rijiyar burtsatse da ta lalace ko ajin da iska ta yaye, ba shi da sarauta, bai je Makka ba, Malam kuma ta yi yawa har ba ta bambanta kowa. Al'umma ta sami sabon mutum, ta rasa sunan da za ta kira shi, kwamared ta cike gurbin. Ma'anarta a Hausar yau, in za a faɗe ta da gaskiya, ita ce ɗan gwagwarmaya, ko mai riƙe da muƙami a ƙungiya, ko wanda ya taɓa riƙewa. Wannan ma'ana ce halattacciya, ta kuma cancanci shiga ƙamus.

Abin zargi shi ne a bar ma'anar nan biyu a cakuɗe. Illarsa ta farko a aji ta ke. Ɗalibin da ya gamu da comrade a labarin sojojin da su ka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, in ya fassara ta da kwamared, zai ɗauka shugabannin ƙungiya a ke nufi, alhali kuwa samari ne da su ka kwana rami ɗaya. Wanda ya karanta Orwell da ma'anar Hausa a kansa ba zai ga zambon ba sam, domin a wurinsa ba abin mamaki ba ne kalmar ta zauna a bakin manya. Illa ta biyu ta fi wannan nisa. Kalmar Ingilishin tana ɗauke da alkawari: wanda ya kira ka da ita ya yarda abin da ya same ka ya same shi. Laƙabin Hausar ba ya ɗauke da wannan alkawari, amma yana cin albarkacinsa. Mai shi yana samun kwarjinin mai tsaya wa jama'a ba tare da an tambaye shi abokin wane ne ba.

Saboda haka abu uku su ka kamata. Masu ƙamus su ɗauki kwamared a matsayin kalmar Hausa mai zaman kanta, su ba ta ma'anarta ta nan, su tsai da rubutunta guda maimakon kwamred da kwamrad da a ke gani barkatai, kada kuma su sa ta a matsayin fassarar comrade. Masu fassara su dubi wurin kafin su zaɓi kalma: abokin yaƙi ga soja, abokin gwagwarmaya ga ɗan siyasa, 'yan'uwa in ana kiran taro, ƙawa ga ƙasa ko jam'iyya, biyayya inda akwai babba da ƙarami. Malaman kwalejojin horon malamai kuma su riƙa ba ɗalibai gwajin nan mai sauƙi wanda nahawun Hausa ya tanada: duk kalmar da a ka ce tana nufin aboki, a sa mata tambayar "na wa?" In ta amsa, kalmar dangantaka ce. In ta yi shiru, laƙabi ce, sai a ajiye ta a jerin Alhaji da Injiniya, a nemo wata a yi fassara da ita.